Gyaran Gida da Hannu da Kunne: Jagora ga Makaho Mai Son Yin Aikinsa da Kansa

Yawancin makafin da ke ƙauyukan Kano da Jigawa da idonsu suka girma. Sun yi noma, sun yi yaɓe, sun kwance keke sun ɗaure, kafin yanar ido ko hawan jinin ido ko amosanin ido ya rufe musu gani. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa akwai makafi sama da miliyan ɗaya cikin masu shekara 40 zuwa sama, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo abin. Ita yana ana cire ta da aiki, don haka wanda bai taɓa zuwa an duba shi ba ya daure ya je, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano ko wani asibitin gwamnati mai sashen ido.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, hannun irin waɗannan mutane ya riga ya san aiki. Amma da zarar ido ya tafi sai 'yan gida su kwashe guduma da zarto su ɓoye, wai don tausayi. Ƙyaure ya saki, a yi ta jiran kafinta har ɓarawo ya riga shi zuwa. Wannan tausayin yana cutarwa, domin yana mayar da magidanci baƙo a gidansa. Makafin ƙasar Hausa da tufkar igiya aka san su tun zamanin da, kuma hannun da ya iya daidaita kaurin igiya daga farko har ƙarshe ba zai kasa ɗaure sukuru ba. Abin da ake bukata shi ne tsari, da sanin lokacin da za a ari idon wani, da sanin aikin da ba a taɓawa ko kaɗan. Da “kai” zan yi magana don sauƙi, amma duk abin da ke nan ya shafi makauniya mai riƙe da ɗakinta.

Fara da wurin aiki

Kafin ka taɓa kowane gyara, gyara mazauninka. Shimfiɗa tabarma a jikin bango, ka zauna bangon yana bayanka, don ka san ba wanda zai ratsa ta nan. Sa babban tire ko faranti mai baki a gabanka. Duk abin da ka kwance, ƙusa ce ko noti ko wosha, cikin tiren zai sauka. Makaho ya fi ɓata lokaci wajen laluben abin da ya faɗi fiye da wajen gyaran kansa.

Nemi mayen ƙarfe. Ba sai ka saya ba, akwai shi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo, kuma masu gyaran rediyo a kasuwa suna da su zube. Ajiye ɗaya a tsakiyar tire ya riƙe maka ƙananan ƙarafa. Ɗaura wani a bakin sanda, in ƙusa ta faɗi ƙasa ka share wurin da shi, za ka ji ƙarar mannewarta.

Kayan aikin farko ba su da yawa: guduma mai kunnen cire ƙusa, filaya, sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, sifana mai juyawa, ƙaramin zarto, wuƙa, da baƙin tef na masu gyaran wuta. Ana samun su ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, wanda kuma ya shiga birni ya leƙa Ƙofar Ruwa. Ka riƙe kowanne da hannunka kafin ka biya. Girgiza kan guduma ka ji ko yana motsi, buɗe filaya ka rufe ka ji ko haƙoranta suna haɗuwa daidai.

Sa tela ya ɗinka maka jaka mai aljihu-aljihu daga tsohon wando mai kauri, kowane abu da gurbinsa. Ƙusoshi a gwangwanayen madara: ƙanana a gwangwani mai roba ɗaya a wuya, matsakaita mai roba biyu, manya mai uku. Sai doka ɗaya da za ka kafa wa gida, daga uwargida har auta: wanda ya ɗauki abu ya mayar da shi gurbinsa, kuma kada kowa ya “gyara” maka wurin ba ka nan.

Abu biyu na kariya. Sa tabarau lokacin buga ƙusa ko fasa wani abu, ko da ba ka gani sam, domin tsinken ƙarfe in ya shiga ido ciwo ne, ga shi kuma da yawa suna da ɗan sauran gani da ya kamata a tattala. Na biyu, kada ka taɓa zura hannu a rami, ko bayan randa, ko ƙarƙashin tarin itace, sai ka fara zungura sanda ka bubbuga. Kunama da kububuwa nan suke kwana, kuma hannunka shi ne idonka yanzu.

Awo ba da ido ba

Akwai tef ɗin awo mai magana da ake yi don makafi, amma yana da tsada kuma samunsa a nan sai an yi oda. Ga abin da ya fi shi sauƙi. Samu katako miƙaƙƙe siriri mai tsawon mita ɗaya. Sa mai ido ya auna, a yi ƙaramin tsagi da wuƙa a kowace santimita, a buga 'yar ƙusa mai kai a kowace santimita 10. Farcenka zai ƙirga tsagi, yatsanka ya ƙirga ƙusa.

Sau da yawa ma ba ka bukatar lamba. In za ka maye gurbin katakon da ya ruɓe, tsohon shi ne ma'auninka: ɗora shi a kan sabon, daidaita bakinsu da tafin hannu, ka tsaga alama da wuƙa a ɗaya bakin. In faɗin ƙofa ko taga kake so, ɗauki kara biyu, haɗa su gefe da gefe, ka zame su har kowanne ya tokari ɓangarensa, sannan ka ɗaure tsakiya da roba tamau. Wannan karan za ka kai wa kafinta ko mai walda. Taƙi da kamu suna da amfani wajen kintace, amma kada a yanka katako da su.

Alamar fensir ba ta da amfani gare ka. Alamarka tsagi ce, ko ɗan ramin da ka yi da bakin ƙusa, ko guntun tef.

Don sanin ko abu ya tsaya a miƙe, ɗaura noti mai nauyi a zare, riƙe zaren a sama a jikin abin, bari ya daina lilo, ka bi da yatsa ka ji ko tazarar da ke tsakanin zare da katako ɗaya ce sama da ƙasa. Don sanin ko kanta ta kwanta daidai, ɗora ƙwallon boris na keke a tsakiya. In ya gangara, ɓangaren da ya nufa shi ne ƙasa. Kusurwa kuwa, magina suna da tsohuwar dabara: auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, in tsakanin alamun biyu ya ba da 50 cif, kusurwar ta daidaita.

Ƙusa, zarto, da ƙyauren da ke jan ƙasa

Tsoron kowa shi ne guduma ta sauka a yatsa. Maganinsa kada yatsa ya riƙe ƙusar. Soka ta tsakanin haƙoran matajin kai, ko ka riƙe ta da filaya, ko ka huda guntun kwali ka riƙe gefensa. Riƙe gudumar kusa da kanta, ɗora ta a kan ƙusar ka ji wurin, ɗaga kaɗan, ka yi ƙananan bugu har ta kama. Sai ka janye matajin ka ƙara ƙarfi. Kunnenka zai gaya maka sauran: ƙusar da ke shiga daidai ƙararta tana ƙara tauri da kowane bugu, wadda ta lanƙwashe kuwa sai ka ji ƙarar ta canza. Tsaya bayan bugu uku ko huɗu ka shafa. In ƙusa mai tsatsa ta soke ka, wanke da sabulu ka je a yi maka allurar tetanus.

Inda sukuru zai yi, na fi son sa a kan ƙusa, domin ba bugu a cikinsa kuma ana iya kwancewa. Dama ɗaurewa, hagu kwancewa. Fara huda wurin da ƙaramar ƙusa ka cire ta, ka goga wa sukurun sabulu, zai shige ba gardama.

Wajen zarto, ɗora wani katako miƙaƙƙe a kan layin da za ka yanka, kafe shi da ƙananan ƙusoshi biyu, ka bar gefen zarton ya jingina da shi. Fara da jan zarton baya sau uku a hankali don ya yi hanya. Hannun da ke danne katako ya yi nisan taƙi guda daga haƙora.

Yanzu ga aikin da na fi so kowa ya fara da shi, domin kusan kowane gida yana da shi. Ƙyauren katako ya fara jan ƙasa, sakata ba ta shiga raminta sai an ɗaga shi da ƙafa. Buɗe shi rabi, kama bakinsa ka ɗaga sama. In ka ji yana wasa, ɗora ɗayan hannun a kan hinjis na sama yayin da kake ɗagawa. Kusan kullum nan ne matsalar, domin shi ke ɗauke da jan nauyin. Za ka ji ƙarfen yana rabuwa da katako, kan sukuru yana fitowa.

Tura tubali ko guntun katako ƙarƙashin bakin ƙyauren har ya tsaya daidai, nauyin ya bar hinjis. Gwada ɗaure kowane sukuru. Wanda ya yi ta juyawa bai kama ba, raminsa ya cinye. Cire shi, sa a tire. Shafa wa tsinken ashana uku ko huɗu gam ɗin kafinta, ka cire kan ashanar, ka cusa su cikin ramin har ya cika, ka karye abin da ya yi saura, ka shafa ka ji ya yi daidai da fuskar katako. Ba shi sa'o'i ya sha iska, sannan ka mayar da sukurun, in da hali wanda ya ɗan fi tsohon tsawo. Ɗaya bayan ɗaya za ka yi, kada ka cire duka lokaci guda ƙyauren ya faɗo maka. Janye tubalin, buɗe ka rufe. In har yanzu yana gogar ƙasa, zura takarda a ƙarƙashinsa ka ja ta daga wannan gefe zuwa wancan, inda ta maƙale nan ne za a goge. Ɗiga ɗan baƙin mai a hinjis, kukan ma ya tafi.

In ka danna katakon da farce ka ji ya burma kamar biredi, ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, gara ce ta cinye cikinsa. Ashana ba za ta yi magani ba, sai sabon katako.

Bango da rufi kafin damina

Aikin ginin ƙasa na rani ne. Wanda ya bari sai ruwan Agusta ya kankama ya makara, kuma duk wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a ambaliyar 2022 a Jigawa ya san ba wasa ba ne. Tun watan Maris ko Afrilu, zagaya gidanka da tafin hannu, ciki da waje, ɗaki bayan ɗaki. Fara daga gindin bango, domin nan ruwa ke ci. Abin da kake nema: wurin da ya zaizaye ya shige ciki, tsaga, hanyar gara mai kama da jijiya, da yaɓen da ya bar jikin bango. Na ƙarshen ido ba ya ganinsa sam, amma in ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa za ka ji shi fanko. A nan ka fi mai ido.

Tsagar da farce kawai ke shiga ta yaɓe ce. Wadda yatsa ke shiga, musamman in ta taso daga kusurwa ko daga saman ƙofa ta gangaro, cusa mata guntun kara daidai faɗinta ka bar shi. In bayan mako biyu karan ya yi sako-sako, bangon yana buɗewa. Wannan aikin magini ne, kuma kada a kwana a ɗakin in ruwa ya sauka.

Ƙaramin yaɓe kuwa naka ne. Kankare duk abin da ya saki har ka kai ga ƙasa mai tauri. Kwaɓa jar ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana tsimuwa. In ka dunƙula ta a hannu ta riƙe siffarta ba ta tsiyayar ruwa, ta yi. Yayyafa wa wurin ruwa, ka jefa ƙasar da ɗan ƙarfi don ta kama, ka bi da tafin hannu. Rami mai zurfi a cike shi sau biyu ko uku, ana barin kowane ya sha iska. Don daidaita fuska, ɗora katako miƙaƙƙe ya haye tsohon bango hagu da dama, ka ja shi ƙasa. Inda ake da ɗorawa, ruwan makuba da ake samu daga ɓawonta yana ƙara wa yaɓe juriyar ruwa, kuma tsofaffin magina sun san haɗinsa.

Ban goyi bayan shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa ba. Ba sa kama juna sosai, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Amma a daɓe ko bangon bulo, gwangwani ɗaya na siminti da huɗu zuwa biyar na yashi ya isa ƙaramin gyara, a yi ta yayyafa masa ruwa har mako guda. Ka kula: jiƙaƙƙen siminti yana cin fata. Kai da kake dubawa da yatsa, sa safar roba, ka wanke hannu da zarar ka gama.

Kada ka hau rufin kwano, ko da rakiya. Indararo kuwa ana iya zungure shi daga ƙasa da doguwar gora, a kuma share hanyar ruwa ta tsakar gida har waje. In ɗaki yana yoyo, bi ƙarar ɗigon, ajiye kwano a wurin, ka auna da sandar awonka daga bango biyu. Faɗi awon a saƙon murya ka ajiye. Ranar da mai gyara ya zo, ba sai ya yi ta lalube a sama ba.

Famfo

Wannan gajere ne don hannu ya fi ido sanin yoyo. Rufe ruwan daga tanki. Goge bututun da tsumma ya bushe, buɗe ruwan, ka bi da busasshen yatsa daga sama zuwa ƙasa, wuri mafi tsayi da ka ji danshi nan ne bakin yoyon. In daga mahaɗa ne, sake rufe ruwa, kwance kan famfon zuwa hagu kana riƙe da bututun da ɗayan hannun don kada ya karye. Cire tsohon farin tef, naɗa sabo zagaye takwas zuwa goma, bakin bututun yana kallonka kana naɗawa ta dama, wato yadda famfon zai ɗauru. Fara ɗaurawa da hannu. In ya yi tauri tun juyin farko, ya hau ba daidai ba, koma baya ka sake. Famfon roba ba ya son sifana.

Wayar hannu: aron ido na minti biyu

Akwai abin da hannu ba zai taɓa faɗa maka ba: launi, rubutu, lamba. Nan wayar hannu ke shigowa. Wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da ake sayarwa a Farm Centre, suna da manhajar karanta allo mai suna TalkBack. A shiga saitin waya, wajen da aka rubuta Accessibility, a kunna ta. Roƙi wanda ya kunna maka ya saita gajeriyar hanya, yadda in ka danne maɓallan ƙara da rage murya tare na daƙiƙa uku za ta kunnu ko ta mutu. Wannan yana hana rigima in wani ya ari wayar. A iPhone sunanta VoiceOver.

Aikinta ba wuya: taɓa allo ta faɗi abin da ke ƙarƙashin yatsanka, shafa dama ta matsa gaba, shafa hagu ta koma, buga sau biyu a ko'ina ta buɗe abin da ta faɗa, yatsu biyu kuma su ja shafi. Muryar da ke zuwa a yawancin wayoyi ta Turanci ce, amma kalmomin da za ka riƙa ji kullum ba su da yawa, kunne yana sabawa. Mai ƙaramar waya ma bai rasa ba: maɓallin 5 yana da ɗan tudu da ake gane sauran da shi, kuma wasu ƙananan wayoyin itel suna faɗin lamba da murya.

Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft suna karanta rubutun da kyamara ta gani, kamar na jikin gwangwanin gam ko fenti ko maganin gara. Be My Eyes kuwa, wadda wani ɗan ƙasar Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya ƙirƙiro aka ƙaddamar a 2015, tana haɗa ka da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo kyauta, ya duba ya gaya maka. Tana bukatar intanet mai ƙarfi, wanda ba kowane ƙauye ke da shi ba. Shi ya sa nake ganin kiran bidiyo na WhatsApp zuwa ga ɗanka ko ƙanenka da ke birni ya fi dacewa da mu: ya san gidan, yana jin Hausa, kuma ba baƙo ne ke leƙa maka tsakar gida da iyali ba. Kada ka nuna wa wanda ba ka sani ba katin banki ko takardar fili.

Riƙe kyamara fasaha ce. Goge gilashinta da bakin riga. Lalubo inda take da yatsa, ɗora ta daidai kan abin, sannan ka ja wayar baya a hankali kamar taƙi ɗaya. Ka tuna kyamara tana bukatar haske ko da kai ba ka bukata, don haka fito da abin tsakar gida da rana.

Tambayarka ta zama guntuwa, wadda ba ta da amsa biyu. Maimakon “duba min wannan”, ka ce: “Auwalu, wayar da na riƙe da hannun dama, wane launi ce?” Ya ce: “Ruwan ƙasa ce, Baba.” Nan take ka ɗaura mata zare. Daga ranar ba ka sake tambayar kowa ba. Wannan ita ce ribar aron ido: duk abin da aka faɗa maka sau ɗaya, mayar da shi alamar da hannu zai karanta. Manhajar da ke bayyana hoto da kanta tana kuskure, musamman a launi, don haka a kan abin da ya shafi wuta mutum za ka tambaya.

Wuta da sola

Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Jigawa da Katsina volt 230 ce, tana kisa. Iyakarka a nan a fili take: abin da za ka iya zarewa daga soket ka ɗauko ka ɗora a cinyarka, naka ne. Abin da ke manne a bango, soket ne ko makunni ko wayar da ta shigo daga fal, na mai gyaran wuta ne. Kuma “an ɗauke wuta” ba ɗaya ba ne da “an kashe wuta”. Ana iya dawo da ita hannunka yana ciki. Testa irin ta sukundireba haske kawai take yi, ba ta yi maka komai ba. Akwai wadda ke ƙara in an kusantar da ita ga waya mai wuta, tana da kyau don sanin ko akwai wuta a soket, amma ka fara gwada ta a inda ka tabbatar da wuta, don shirunta na iya zama mutuwar batir.

Filogi mai ƙafa uku kana iya gyara shi. Zare shi daga bango. Kwance sukurun tsakiya, buɗe murfin, ka ajiye shi ƙafafunsa suna kallon ƙasa, doguwar ƙafar tana nesa da kai. Ta sama, doguwar, ta wayar ƙasa ce, kore da rawaya. Ta dama, wadda ke da ɗan fis kwance kusa da ita, ita ce mai wuta, ruwan ƙasa, ko ja a tsofaffin wayoyi. Ta hagu shuɗiya ce, ko baƙa a tsofaffi. Kafin ka kwance ko ɗaya, ɗaura wa ta wajen fis zare mai ƙulli ɗaya, ta sama ƙulli biyu. Ja kowace a hankali, wadda ta zame ita ce matsalar. Murɗa gashinta ya haɗu, mayar da ita raminta, ɗaure, ka shafa ka tabbatar ba silin da ya fito yana neman maƙwabciyarsa. Fis in ya ƙone, sayo mai lamba irin tasa: 13 na dutsen guga da hita, 3 na ƙananan kaya kamar rediyo. Lambar a rubuce take, sai a duba maka. Kada a naɗe shi da waya ko takardar sigari, haka gobara ke tashi. Mita ta masu gyara tana da wurin da take ƙara in ƙarfen gwajinta biyu sun haɗu. Sa a ɗiga maka gam a wannan wurin. Taɓa bakin fis biyu da ƙarafan gwajin: in ta yi ƙara yana da rai, in shiru ya mutu.

Ƙaramar sola mai batir volt 12 ba ta jan hannu, amma in sifana ta haɗa kan batir biyu za ta yi tartsatsin da zai ƙona ka, batirin ma yana iya fashewa. Cire zobe da agogo, naɗe jikin sifanar da tef sai bakinta kawai, rufe kan da ba ka aiki a kai da tsumma. A batir irin na mota, kan da ya fi kauri shi ne mai alamar tarawa. Wasu batiran sola kaurin kawunansu ɗaya ne, sai a duba maka ka ɗaura alama a kan da wayarsa. Wajen kwancewa, fara cire wayar farantin sola daga na'urar caji, sannan batir. Wajen haɗawa, batir ne farko, faranti daga baya. Garin da ke taruwa a kan batir kada ka shafa shi da yatsa ka kai fuska, yana da guba mai ci. Goge shi da tsohon burushi da ruwan kanwa, kada ruwan ya shiga cikin batirin, ka wanke hannu. Duk abin da ya fito daga inbata kuwa, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, wutar NEPA ce a wajen haɗari. Da hunturu ƙura tana rage ƙarfin faranti sosai, in yana inda hannu ke kaiwa daga ƙasa, shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi.

Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Tukunyar gas kuwa hanci ne mai gadinta: in ka ji wari, rufe kanta, buɗe ƙofa, kada a kunna ashana ko makunni. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, kumfar da ke tasowa za ka ji ta a yatsa.

Ranar da ka kira mai gyaran wuta ko mai sola, kada ka koma zaure ka bar shi. Zauna kusa, ka tambaye shi me ya lalace. Kafin ka sallame shi, ce masa: “Malam, kama hannuna ka ɗora a kan babban makunnin da ke kashe wutar gidan gaba ɗaya.” Ka kashe ka kunna da kanka, ka ji wane ɓangare ne kashewa, a manna guntun tef mai kauri a wannan ɓangaren. Ƙirga taku nawa ne daga ƙofar ɗakinka zuwa wurin, ka sa a kawar da duk abin da ke kan hanyar.